Ƙararrawar da Ta Makara

Sababbin injinan ruwa biyu sun ɓace daga siton kamfanin sabulu ranar Laraba, da rana tsaka.

Sufeto ya iso da kofur ɗinsa, yana fama da ciwon baya. Mai sito ya riga ya kwana biyu a sel, don ƙofar da kati ake buɗe ta, kuma kwamfuta ta nuna katinsa ne ya buɗe da ɗaya saura kwata.

"Ranka ya daɗe, ɗaya daidai na fita ɗauko 'yata a makaranta," in ji mai sito. "Katin a durowar ofis nake barinsa. Shekara sha tara haka nake yi."

Littafin maigadi ya nuna ɗaya daidai ɗin. Ashe lokacin satar yana ciki ke nan.

Injiniyan kamfanin ya kai Sufeto ɗakin kwamfuta, ya nuna masa wani ɗan akwati mai koriyar fitila tana ƙiftawa.

"Duk daƙiƙa wannan yana aika bugu ta waya, yallaɓai. Ta nan ƙofa da sauran na'urori suke karɓar lokaci daga agogon kwamfuta. Ba ya kuskure."

"Wa ke taɓa shi?"

"Ba kowa. Ko ni rabona da shi wata uku."

Sufeto ya shafa saman akwatin, ƙura cunkus. Madannan kwamfutar kuwa fes.

Yunwa ta kora shi kantin ma'aikata. Mai abinci ta dire masa kwano.

"Yau dai da zafinsa za ka ci. Ran Laraba sai da komai ya huce. Ina zaune kamar mai gadin tukunya, ƙararrawar tashi ta ƙarfe ɗaya ba ta kaɗa ba sai ɗaya da minti ashirin!"

"Kin tabbata, Baba?"

"Ɗan nan, da labaran rediyo nake sauke tukunya. Har aka gama labarai ba wanda ya leƙo."

Sufeto ya ajiye cokali. Ya koma ya bi wayoyin akwatin da yatsa, ɗaya ta nufi ƙofa, ɗaya ta haura bango har jikin ƙararrawa.

"Injiniya, idan aka mayar da agogon baya minti ashirin, ɗaya da biyar zai koma nawa?"

Sufeto ya ba kansa amsa.

"Ɗaya saura kwata. Ka jira mutumin ya kama hanya, ka ja agogo baya, ka ɗauki katinsa. Ƙofa ta bi ka. Ƙararrawa ma ta bi ka, ita ka manta."

Injiniya ya zauna daɓas. "Ba ni na haɗa ta ba, wanda na gada ne... Injinan suna garejin ƙanena."

"Kofur, sa masa ankwa. Ni na gaji."

Mai sito ya fito daga sel da yamma, ya nufi gida. Injiniya kuwa, minti ashirin ɗin nan alƙali ya mayar masa da su shekara biyu a gidan yari.