Gammon 'Yar Rijiya

Ka taɓa ɗaukar ƙwarya cike da ruwa a ka, hannuwanka a baya?

A wata makaranta, ranar da za a tafi hutun ƙarshen shekara, malama ta raba aji gida biyu, ta kawo wannan wasa. Kowa zai kai ƙwarya daga allo zuwa ƙarshen aji. Rukunin da ya fi zubar da ruwa shi zai tsaya shara.

Shugabar rukuni guda yarinya ce mai zuwa ta ɗaya kullum. Ta zaɓe ƙawayenta kaf, sai wata shiru-shiru ta rage, wadda shugabar take tsokana da "'yar rijiya" don sai ta ɗebo ruwa take zuwa makaranta. Ba don ta so ba ta karɓe ta.

Ta farko ta ɗauka, ruwa ya zube. Ta biyu ta ɗauka, ruwa ya zube. Abokan karawa suna ta ihu, "Ku nemo tsintsiya!"

Sai aka zo kan shugabar. Ta haɗiye girman kai, ta juya ga yarinyar.

"Don Allah, yaya kike yi?"

"Au, yau 'yar rijiya ta yi rana?" in ji yarinyar tana dariya. Ta kwance ɗankwalinta, ta naɗa gammo, ta ɗora mata. "Kar ki kalli ƙasa, ni za ki kalla."

Ko ɗigo bai zuba ba. Gammon ya bi sauran kawuna, suka ci wasan.

Shugabar ta riƙo hannunta. "Na gode, 'yar'uwa. Daga yau da sunanki zan riƙa kiran ki."

Kai ma, kafin a tashi hutu, je ka gode wa wanda ya taɓa naɗa maka gammo.