Nonon da Seydou Ke Kai wa Gulbi

"Wace ce ita?"

Seydou ya ɗago kai daga goge babur ɗinsa. "Wa kuma, Salamatou?"

"Mai nonon bakin gada! Munira take ko wa? Kullum da sahe sai ka tsaya wurinta, kai da ko hura ba ka sha da nono!"

Ya buga babur ya fita, ya bar ni da tsintsiya a hannu, zuciyata na tafasa.

Ni dai na san halina, ina da kishi. Ko akuya ya shafa wa kai sai na ji wani abu. Amma tun da ambaliya ta fasa ƙauyenmu Garou ta cinye mana gonar shinkafa, ta tafi da ɗanmu Issufu, mijina ya zama wani mutum. Muka dawo garin Malanville, ya kama kabu-kabu da babur. Ya daina dariya, ya daina taɓa ni, sannan ya daina zuwa masallaci.

Wannan na ƙarshen shi ya kai kunnen Babana, wanda ke limanci a unguwarmu ta Garou. Ya kira ni ya ce, "Ɗiyata, ki bincika mi ke damun shi. In ya bar addini, babu arme tsakaninku, gida za ki dawo."

Washegari na yafa mayafi na bi shi.

Na gan su kuwa. Doguwa ce, fara, tana yi masa murmushi kamar ta san shi tun haihuwa. Ta cika masa ƙaramar ƙwarya. Wallahi na so in kifar da kayanta duka! Sai dai bai ko kalle ta ba. Ya gangara bakin gulbi, ya tuɓe takalmi, ya shiga ruwa har gwiwa, ya tsiyaye nonon a hankali. Haka masunta 'yan gado ke yi idan suna roƙon ruwa.

"Baban Issufu!"

Ya juyo a firgice.

"Mi kake yi haka? Tsahi?"

"Ba tsahi ba ne, Salma... Yaron bai karya kumallo ba ranar."

Na zauna a kan yashi.

"Allah ya ba mu, shi ya amshi abinai," na ce. "Jarrabawa ce. Ni da na haihe shi ban bar salla ba!"

"Na gwada, rabin raina. In na yi sujada, sai in ga hannun Issufu cikin ruwa. Na kira Allah har muryata ta dishe, kuma an ce yana gani, yana da iko. Wane uba zai tsaya yana kallo?"

"Astagfirullah! Ka yi shiru!"

"Sai na ce watakila ba can sama yake yana kallonmu ba. Watakila shi ne gulbin ga. Shi ne shinkahwar da ta nutse, shi ne ni, shi ne Issufu. In haka ne ba wanda ya kashe kowa. Yaron bai tahi ko'ina ba, ga shi nan yana taɓa ƙahwata."

Na kalli ruwan yana lasar ƙafarsa, na ji kishin da ban taɓa yi da wata mace ba. Da mace ce, da na ja ta da kokawa. Wannan ya ɗauke mini ɗa, yanzu kuma shi ake yi wa sammako, shi ake yi wa magana mai taushi.

"Ni hwa?" na ce ina kuka. "In komi Allah ne, ni ma ai ina cikin komin! Mi ya sa ni ba ka zo wurina ba?"

Ya fito ya durƙusa gabana, ya riƙe hannuna. Rabon da ya riƙe shi tun ranar jana'iza.

"Idonki irin nashi ne. Ban iya kallo."

Na faɗa masa maganar Baba. Na roƙe shi ya zo mu je ya ce ya tuba, ko da a baki ne.

"Ban iya yi ma Malam ƙarya, Salma. Ki ba ni lokaci... ina nema ne, ban ce na samu ba."

Ni kaɗai na hau mota zuwa Garou. Baba na zaune a zaure da carbinsa, ya tsufa ƙwarai tun rasuwar jikansa.

"To, ɗiyata, mi kika gano?"

Ban taɓa yi masa ƙarya ba. Na sunkuyar da kai.

"Mace ce, Baba. Wata ce ta ɗauke mishi hankali."

Ya sauke ajiyar zuciya, har da 'yar dariya. "Alhamdulillahi! Ashe abin mai sauƙi ne. Koma ɗakinki, ki rage kishin ga naki."

"To, Baba," na ce, na ja mayafi na rufe fuskata.