Zuciyar da Ba Ta Jin Umarni

"Ni kam tafiya zan yi, ka zauna da ita!" na faɗa ƙasa-ƙasa, na suri jakata.

Mijina na kwance a gadon asibiti, jiya aka yi masa tiyata a ciki. Na'urar da ke auna bugun zuciyarsa tana gefen kansa tana ta ƙara.

"Haba Zumata... me na yi kuma?"

"Tambayi na'urarka!"

Ni fa ɗalibar aikin jinya ce, ba a yi min wayo da jiki. An koya mana akwai jijiyoyin da ba sa jiran umarnin mutum, su ke tafiyar da zuciya da gumi da hanji, ko kana so ko ba ka so. Baki zai iya shirga ƙarya, su kam ba su iya ba.

Tun safe nake lura. Da zarar nas ɗin nan mai gilashi ta shigo da farantin magani, sai bugun ya hau gudu, goshinsa ya jiƙe, leɓensa ya bushe. Abin da ya fi ƙona min rai, ita ce yarinyar da Mama, surukata, ta so ya aura kafin ya kafe sai ni.

"Wallahi ba abin da kike zato ba ne..."

"To mene ne? Ni in na shigo ko motsi na'urar ba ta yi. Ashe gangar jiki kawai na aura, zuciyar tana wajen wata!"

Kishi ya turnuƙe ni har hawaye suka zubo.

Ina kama ƙofa aka turo ta. Wani nas ne, namiji, ƙato mai gemu, riƙe da farantin nan.

"Maigida, lokacin allura ya yi."

Sai na'urar ta haukace! Ta fi ɗazu gudu nesa ba kusa ba. Mijina, wanda ke cika min baki cewa ba ya tsoron komai, ya ƙanƙame zanen gado yana zare ido.

Na dube shi, na dubi mai gemu.

"Shi ma sonsa kake yi?"

"Allura ce..." ya faɗa kamar zai yi kuka. "Tun ina yaro nake tsoronta. Kunyarki nake ji kada ki raina ni."

Kunya ta rufe ni. Rabin darasin na riƙe: na manta jijiyar da ke sa zuciya gudu don so, ita ce ke sa ta gudu don tsoro. Na manta kuma tana da 'yar'uwa, mai kwantar da jiki idan mutum ya ji ya tsira.

Na ajiye jakar, na kama hannunsa. Aka yi allurar ya runtse ido. A hankali bugun ya riƙa sauka, numfashinsa ya daidaita, barci ya ɗauke shi.

Ban san Mama na tsaye a bakin ƙofa ba. Ina ganinta na yi saurin zare hannuna don kunya, na'urar ta ɗan zabura.

Mama ta daɗe tana kallon na'urar, sannan ta dube ni.

"Tunda aka fito da shi daga tiyata nake fama ya runtsa, ya kasa," in ji ta. Ta jawo min kujera da kanta. "Mayar da hannunki, 'yata. Kada ki sake shi."