Saƙo Biyu a Wayar Mak Limah

Rohaiza na tsakar gida tana kankare kwakwa, sai ga uwar mijinta Mak Limah ta fito riƙe da waya, ko ɗankwali babu.

"Hairul! Fito ka ga abin da matarka ta kwaso mana!"

Makonni uku ke nan da ma'aikatan lafiya suka zo masallacin ƙauyen, suka raba wa mata ɗan tsinke mai auduga. Kowace ta shiga bayan labule ta ɗebo samfuri daga jikinta da kanta, don gwajin HPV, ƙwayar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa. Ambaliya ta cinye wayar Rohaiza, shi ya sa ita da uwar mijin duka suka ba da lambar Mak. Ga shi sakamako ya faɗa hannun da bai kamata ba: an ga ƙwayar, Rohaiza ta zo a duba ta.

"Ciwon 'yan yawo! Ɗana yana teku kamun kifi, ke kina nan kina..."

"Mak, wallahi ban san kowa ba sai mijina, Abang Hairul!"

"Rufe min baki! Asibitin ma ba za ki ba, a yi da mu a gari? Kai kuma sake ta!"

Hairul fa? Abin takaici, shekara bakwai da aure, gogan naka ya kasa cewa uffan. Ya naɗe tabarmarsa ya koma kwana a jirgin ruwa. Shirun nan ya fi zagin Mak cin ran Rohaiza. Ranar asibiti ta zo ta wuce, tana kuka tana dafa musu shinkafa.

Kwana tara bayan haka, Hairul ya shigo cin abinci, waya ta sake ƙara. Mak ta nemi tabarau ta rasa, ta miƙa masa.

"Karanta da ƙarfi, ta ji da kunnenta!"

Ya karanta. Saƙon iri ɗaya sak, sai dai sunan: Limah. Matar da mijinta ya shekara goma sha ɗaya da rasuwa, ko bazawari ba ta taɓa saurara ba!

Washegari su uku a asibiti, Mak sai sunne kai take.

"Ƙwayar nan kan kwanta shekaru a jiki ba a sani ba," in ji nas. "Yawancin ma'aurata sun taɓa ɗaukarta. Ba shaidar cin amana ba ce."

Aka duba Mak, lafiya lau. A jikin Rohaiza aka ga ɗan tabo, aka cire shi tun bai zama sankara ba.

"Ki yafe min," in ji Hairul.

"Na yafe, Abang. Amma ran nan kalma ɗaya tak na nema a bakinka."

Zato zunubi ne, jama'a, kuma shirun miji a inda ya kamata ya yi magana yana iya cin rai.