Ɗigon Jini a Bakin Rigar Amarya

"Baba, ina filasta?"

Auta ce ta tambaya, tana tsaye a ƙofar shago da kular abincinsa a hannu. Baba bai ɗago ba. Farar rigar aurenta na shimfiɗe a cinyarsa, yana jera mata ƙananan duwatsu da allurar hannu, keken ɗinkinsa na gefe an lulluɓe shi da ƙyalle.

"Wace filasta kuma?"

"Ta yatsunka."

Tun bara likita ya ce zuciyar Baba ba ta bugawa a kan tsari, wani lokaci ta zuba gudu, wani lokaci ta yi tuntuɓe. Ya yi masa bayani a gaban Auta: in zuciya na irin wannan rawar, jini kan daskare a cikinta, gudan kuwa in ya ɓalle ƙwaƙwalwa yake nufa. Aka ɗora shi a kan ƙwayar tsinka jini. Tun daga nan, ko allura ce ta ɗan taɓa shi sai jini ya yi ta tsiyaya, kullum yatsa biyu ko uku a naɗe.

Yau kuwa yatsun nan tas suke.

"Na ƙware ne," in ji Baba yana murmushi. "Da tsufana na koyi riƙe allura."

Auta ta ajiye kular, ta durƙusa ta kama wuyan hannunsa, yadda ta saba tun rasuwar Mama. A ƙarƙashin yatsunta jijiyar na fizga kamar tsuntsun da aka rufe a kwali.

"Baba... ka daina shan ƙwayar?"

Ya ajiye allurar. Can ya miƙa hannu bayan gwangwanin maɓallai, ya ɗauko wata koriyar kwalba.

"Dogo ya kawo mini. Ganye ne zalla, ba haɗi. Kuma ni dai ina jin jikina wasai."

Dogo, wanda za ta aura. Direba ne a wani kamfani mai haɗa maganin ganye a ƙwanso, shi ke raba wa shaguna kaya.

"Tun yaushe?"

"Tun da na yanka yadin nan." Ya shafa rigar a hankali. "Auta, farin yadi ne. Ranar farko na ɗiga masa jini, sai da na zubar da hannun riga guda na sake yanka wani. Na yi wa 'ya'yan mutane ɗinki har gashina ya yi fari, sai taki ce zan ɓata? Ki bari in gama. Saura hannun hagu da wuya, sai in koma wa ƙwayarku."

"Ka sa ɗan murfin ƙarfen nan a yatsa mana."

"Ba na jin yadi da shi. Kamar in ci abinci da safa a hannu ne."

"To ba na son rigar."

"Ai kuwa sai kin sa ta, ko da ɗaure ki zan yi."

Dariya yake yi. Ita kuwa ba ta ga abin dariya ba.

Da la'asar motar Dogo ta tsaya a bakin titi. Ya fito da fara'arsa, yana goge hannu a wando.

"Amaryata, wa ya taɓa mini ke?"

"Kai ne."

"Ni?"

"Me ka ce wa Baba a kan kwalbar nan?"

Fara'ar ta ɗan ja baya. "Abin da ke jikin takardar. Yana ƙarfafa zuciya, yana wanke jini..."

"Ka ce masa ya bar na asibiti?"

"Ban ce ba. Ya tambaye ni ne, na ce... na ce a wurin aiki ina jin ana cewa wasu sun bari sun samu lafiya."

"Ana cewa. Wa ya ce? Ka gan su da idonka?"

"Auta, wallahi alheri na nufa. Na ga yatsun nan nasa kullum a naɗe, tausayi ya kama ni."

"Uwata ta tafi, Dogo. Shi kaɗai ya rage mini. In wani abu ya same shi, da wane ido zan dube ka a ɗaki ɗaya?"

"Zuciyata, ki saurare ni..."

"Kar ka kira ni zuciya. Zuciya ɗaya ce a gabana yanzu, kuma ba tawa ba ce. Kar ka sake zuwa sai ya koma shan maganinsa."

Ta juya kafin ya ga hawayenta.

Kwanakin da suka biyo baya Auta ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Ta roƙi Baba, ta yi fushi, ta ajiye masa ƙwayar kusa da kofin shayinsa. Da yamma sai ta same ta a cikin gwangwanin maɓallai. Ta kira Yaya, babban wanta da ke aiki a wani gari, ya yi ta faɗa a waya, Baba ya ce masa to, ya kashe, ya ci gaba da ɗinki. Dogo na kira, ba ta ɗauka. Amma kullum da rana tana hango motarsa a tsallaken titi, a gindin allon talla, gilashi a rufe.

Ta ɗauki hutu a makarantar da take koyarwa, ta dawo shago da zama. In ya yi tari ta zabura. In ya yi shiru ta zabura.

"Ke ce za ki sa mini ciwon, ba zuciyar ba," in ji shi. "Kin tasa ni gaba kamar mage da kifi. Miƙo mini zare."

Ta miƙa. Ya sa hannu zai karɓa, zaren ya faɗi ƙasa. Ya sake kai hannu, hannun ya tsaya a hanya kamar ba nasa ba. Allurar ta zame, duwatsun suka watse a siminti.

"Baba?"

Ya dube ta. Gefen bakinsa na dama ya sauko. Ya buɗe baki zai kira sunanta, abin da ya fito ba magana ba ce.

Ba ta san lokacin da ta fito titi ba, ba takalmi, ba ta ko duba motoci ba.

"Dogo! Dogo!"

Kafin ta rufe baki ya tsallako. Bai tambayi komai ba. Ya sungumi Baba kamar yaro, ya kwantar da shi a kujerar gaba, sannan ya koma da gudu ya ɗauko koriyar kwalbar ya jefa a aljihu.

A hanya Auta na baya a tsakanin kwalaye, ta zuro hannu ta riƙe kafaɗar Baba, tana addu'a da duk abin da ya zo bakinta. Kwalayen kuwa irin kwalbar nan ce cike a cikinsu, suna ta ƙara a duk ramin da suka faɗa.

A asibiti aka shige da shi. Suka zauna a benci, tazarar mutum ɗaya a tsakaninsu. Da wata likita ta fito, Dogo ne ya fara miƙewa. Ya ba ta kwalbar da hannu biyu.

"Ni na ba shi wannan. Saboda maganata ya bar naku. Ki faɗa mini gaskiya, na kashe shi?"

Likitar ta juya kwalbar, ta karanta, ta dube shi.

"Ba ka kashe shi ba. Gudan jini ne ya toshe hanya, amma ƙarami ne, kuma kun kawo shi da wuri. Maganarsa ta fara dawowa. Wannan kuwa ba ya hana jini daskarewa, ko me aka rubuta a jiki. Kuma kar a haɗa masa da namu sai an tambaye mu, wani ganyen rikita ƙwayar yake yi."

Dogo ya zauna a ƙasa, a nan tsakiyar baranda, ya rufe fuska da hularsa. Kafaɗunsa na girgiza. Auta ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta matsa, ta durƙusa kusa da shi.

"Tashi, mutane na kallo. Ƙato da kai."

Da aka bar su suka shiga, Baba na kwance, bakin ya ɗan miƙe. Ya yafito Dogo da hannun hagu.

"Ba... laifinka ba ne kai kaɗai," ya ce, kalma na fitowa da ƙyar. "Taurin kai... nawa ne. Rigar fa? An ɗauke ta daga ƙasa?"

Auta ta fashe da kuka da dariya a haɗe.

Aka ɗaga bikin. Hannun Baba ya dawo a hankali, ba duka ba, amma ya isa riƙe allura. Kullum da safe kafin ya tafi aiki, Dogo zai tsaya a ƙofar shago da kofin ruwa, ba ya motsawa sai ya ga an haɗiye.

"Buɗe baki in gani, Baba."

"Ka ga ɗan banza. Tun ban ba ka ita ba ka fara mulki."

Ranar da ya ɗaura dutsen ƙarshe, allura ta shige masa yatsa. Kafin ya janye, ɗigo ɗaya ya sauka a bakin rigar daga ƙasa, ja a kan fari. Baba ya dafe kai.

"Shi ke nan. Kawo almakashi in cire wurin."

Auta ta riƙe hannunsa. Jinin na ta tsiyaya, bai da niyyar tsayawa. Ta naɗe masa yatsan da filasta, ta ɗauke almakashin ta sa a jakarta.

"A bar shi, Baba."

"Mutane za su gani."

"Su gani. Ni in na sunkuya na gan shi, na san ka sha maganinka."

Haka ta sa rigar ranar aurenta. Da za ta shiga mota, ta kama wuyan hannun Baba kamar yadda ta saba. Tsuntsun na nan yana fizga. Ba ta saki ba sai da Dogo ya sunkuyo ya ce mata a hankali, "Gobe da safe ina nan da kofin ruwa."