Fasinjar da Sahabi Ya Ɗauko a Kufai

Wata ranar Laraba, ana dab da kiran magariba, Sahabi ya turo babur ɗinsa cikin gida a Yelwa, da kwando biyu na bandar kifi ɗaure a baya. Shekara biyu ke nan da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato. Sahabi ɗan kabu-kabu ne, amma ban da ɗaukar mutane cikin gari, yakan yi wa dillalan kifi dako daga tungayen masunta na bakin tabki. Wannan karon kwana ya yi a hanya. Matarsa Rahama tana tuƙa tuwon shinkafa. Mahaifiyarsa Inna Dudu tana kan tabarma tana jan carbi. Ɗiyarsa Halimatu, 'yar shekara goma sha uku, ta ɗauko tsumma za ta goge babur kamar yadda ta saba.

Ta kai hannu, sai ta janye.

"Baba, ruwa ka shiga? Wurin zaman baya jiƙe yake sharkaf."

Bazara ce, ko ɗigo sama ba ta saki ba. Sahabi ya taɓa wurin, ya ji sanyi ƙarara, ya sunsuna hannunsa ya ji warin laka. Ya ce ƙila kwandon ne. Rahama ta dube shi ta ce tun da take ba ta taɓa ganin banda ta yi yoyo ba. Aka yi 'yar dariya, aka bar maganar.

Bayan isha'i dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗaki. Na biyu ya biyo, na uku ya fasa murfin tukunya. Sahabi ya fita da tocila yana zagin yaran unguwa, bai ga ko kyanwa ba. Da ya tsinci duwatsun sai ya ji su a jiƙe, da gansakuka kore a jikinsu, irin duwatsun da suka daɗe a ƙarƙashin ruwa. Inna Dudu ta karɓi ɗaya ta juya shi a hannu, ta ajiye, ta shige ɗaki.

Kashegari ruwan randa ya koma laka. Aka zubar, aka wanke, aka sake ɗebowa, kafin la'asar ya sake komawa laka. A dare na uku Rahama ta ji muryar mace daga cikin randar, ƙasa-ƙasa, tana rarrashin yara. Ba tsawa, ba ihu, rarrashi kawai, kuma wallahi shi ya fi tsawa ban tsoro.

A dare na huɗu aka nemi Halimatu aka rasa. Da asuba wasu masunta suka kawo ta riƙe-riƙe. Sun same ta cikin tabki, ruwa ya kai mata ƙirji, idonta rufe, tana ta tafiya gaba. Daga ranar Rahama ta riƙa ɗaure ƙafar yarinyar da tata in za su kwanta. Duk da haka sai ta farka ta tarar da gashin Halimatu yana ɗiga, tana tari tana amayar da ruwa mai laka a kan busasshiyar tabarma. Kullum ruwan ƙaruwa yake, numfashin yana raguwa. Kowa a gidan ya gane, ko da ba wanda ya iya furtawa, cewa yarinyar nutsewa take a tsakar ɗakin uwarta.

Sahabi ya hau babur ya nufi Shanga, ya ɗauko Malam Cindo, wani tsoho da ya yi su a ƙuruciyarsa kafin ya koma karatu, wanda aka sani da aikin mutanen ɓoye. Malam bai tambayi yarinya ba tukuna. Ya zauna a zaure, ya dubi babur, ya dubi mai babur.

"Ina ka kwana ranar da abin ga ya fara?"

Sahabi ya kwashe labari ya faɗa. Wata tunga ya nufa can ƙasan Ngaski, inda mota ba ta zuwa. A shekarar ruwan tabki ya ja baya fiye da yadda kowa ya taɓa gani, sai wani masunci ya ce masa in ya bar hanyar daji ya bi ta gaɓar da ta bushe, zai rage rabin tafiya. Ya bi. Ya yi ta gudu a kan busasshiyar laka mai tsage-tsage, ba bishiya, ba gida, ba sawun mutum, sai kututturan itatuwan da ruwa ya kashe suna tsaye farare. Tun azahar har rana ta yi ja bai haɗu da kowa ba. A dawowa kaya ya yi nauyi, taya ta riƙa nutsewa, yana sauka yana turawa, har duhu ya rufe shi a wani wuri mai tushen katangu da fasassun tukwane. Ya gane kufai ne, ɗaya daga garuruwan da aka tasa lokacin da aka datse kogi.

Ya so ya kafe babur, ƙafar babur ɗin ta lume cikin ƙasa. Duk mai babur ya san maganin wannan: a nemi faffaɗan dutse a sa a ƙarƙashi. Ya haska, ya ga wani tsohon dutsen niƙa kwance. Ya yi ta kokawa da shi har ya jawo shi gefe. A ƙarƙashinsa akwai bakin wata randa binne a ƙasa, baƙi ƙirin. Bai kula ba. Ya kafe babur, ya yi taimama ya yi salla, ya kwanta. Barci dai bai yi na kirki ba, don wurin shiru ne irin wanda ko sauro babu.

"Da safe fa?" in ji Malam.

Sahabi ya sunkuyar da kai. Da safe ya tayar da babur, sai sabo ya ja shi. Kamar yadda yake yi a bakin kasuwa, ya danna odar babur ta yi ƙara, ya bugi wurin zaman baya da tafin hannu, ya ɗaga murya cikin raha: "Yelwa! Akwai mai tahiya? Hau mu je!"

Malam Cindo ya ajiye carbinsa.

"Kai, yaro! Ka buɗe, kuma ka yi kira? A kufai? To ai an amsa maka. Kuma ba ka sauke ta ƙofar gida ba, har tsakar gida ka turo ta."

Bayan la'asar aka shimfiɗa Halimatu a rumfa. Malam ya sa aka rufe ƙofa, ya zuba turare a kasko, ya fara karatu a kunnenta, a hankali, ba gaggawa. Ya daɗe. Inuwa ta rufe tsakar gida. Can yarinyar ta tashi zaune, ta miƙe ƙafafu irin zaman tsofaffi, ta buɗe baki, muryar da Rahama ta ji a randa ta fito.

"Ya isa haka, Malam. Ba da kai na zo ba."

"Wace ce ke? Mi yarinyar ga ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komi ba. Ɗiyana ma ba su yi wa kowa komi ba. Dudu! Hito, na ji numfashinki."

Inna Dudu ta fito daga ɗaki tana dafa bango. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba. Ta tsaya ta dubi jikarta da wani irin ido da Sahabi bai taɓa gani a fuskarta ba.

"Ashe ba ki mutu ba," in ji ta.

Nan Sahabi ya ji abin da aka ɓoye masa shekara ashirin da biyar. Kufan da ya kwana, garinsu ne, Tungar Magaji, inda aka haife shi. Randar nan ta bayan ɗakin kakarsa ce, kuma a cikinta aljanar gidansu take zaune tun kakanni, ana zuba mata nono kowane daren Juma'a, ita kuwa tana gadin gida. Da aka zo tashin gari saboda ruwa, dattawa suka ce kowane gida ya je ya kira nasa aljanin, ya ce masa taso mu tafi, don ba sa barin wuri sai an kira su. Kakar Sahabi tana kwance ba lafiya, ta aiki matar ɗanta, Dudu.

"Ta zo," in ji muryar. "Na ji takunta, na tattara ɗiyana ukku, muna jira ta ce taso. Sai ta jawo dutsen niƙa ta rufe mu, ta karanta abin da ta karanta a kai. Ruwa ya zo sannu-sannu, Malam. Kwana tara yana shiga. Ina riƙe da su ɗaya bayan ɗaya."

"Na yi!" in ji Inna Dudu. "Na yi, kuma ban taɓa nadama ba. Ɗiya biyu na binne a garin ga cikin wata guda. Ke kika cinye su, muguwa!"

"Ƙyanda ta kashe su, ta kashe na maƙwabta ashirin. Ni ce na kwana bakin ƙofarki wata biyu har na ukkun ya rayu. Ga shi nan tsaye, da gemu. Tambayi kanki mi ya sa shi kaɗai bai kamu ba a layinku."

Inna ta saki bango. Ta sulale ta zauna a ƙasa. Tausayinta ya kama kowa, amma gaskiya ta riga ta fito, ba mai mayar da ita.

Malam ya ce, "An zalunce ki, na yarda. Amma yarinyar ga ba ta da haƙƙinki. Mi kike so?"

"Ukku na rasa. Ukku nike so. Da ita zan fara."

"Ba ki samu. Rai na Allah ne, ba nawa ba, ba naki ba. In kin ƙi, in ci gaba da karatu har ki ƙone, kuma kin san zan iya."

"Ƙona ni. Kafin in ƙone ta riga ta sha ruwa."

Halimatu ta sarƙe, ruwa ya ɓulɓulo ta hancinta. Rahama ta fasa kuka. Malam bai ɗaga murya ba, ya dai riƙa ja da ita, tana ja da shi, har aka yi kiran magariba a masallacin unguwa. Daga ƙarshe muryar ta ce to, amma da sharaɗi: Dudu ta koma kufai kafin ruwa ya dawo, ta kwashe abin da ke cikin randar da hannunta, ta faɗi kalmar da aka aike ta ta faɗa, ta kai shi tudu ta binne, ta kwana a wurin ita kaɗai.

"Rantse ba ki ɗaukar rai," in ji Malam.

"Na rantse da wanda ya yi ni ya yi ku. Ba rai, ba jini. Amma abin da ta ɗanɗana mini, sai ta ɗanɗana."

"Tsaya, mi kike nufi da..."

"Na yarda," in ji Inna Dudu. "Malam, bari. Na yarda. Ta saki jikata."

Halimatu ta yi atishawa sau uku, ta faɗi a jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta ce yunwa take ji.

Washegari Sahabi ya ɗaura galan na mai, ya goya mahaifiyarsa a babur, suka bar kwalta, suka bar hanyar daji, suka sauka kan busasshiyar laka. Tsohuwa ta riƙe shi gam. Yini guda suna tafiya; da suka tsaya shan ruwa, ta shafa kansa kamar yaro ta ce ya rame. Da yamma suka isa. Ta durƙusa a bakin randar, ta zura hannu har kafaɗa, ta fito da laka baƙa sau uku, ta ƙulle a zanenta. Ta ce wa ƙunshin, "Ku taso mu tahi." Suka yi tafiya mai nisa zuwa wani tudu, ta haƙa da hannu, ta binne. Ta kori Sahabi ya koma can nesa inda ya kafe babur.

Bai runtsa ba. Bai ji kuka ba, bai ga wuta ba, bai ga komai ba. Gari na wayewa ya ruga. Ya same ta zaune lafiya lau, tana share hawaye, tana waige-waige. Farin ciki ya kama shi har ya durƙusa.

"Inna, alhamdu lillahi! Tashi mu tahi gida."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara mayafi.

"Bawan Allah, don girman Allah, ba ka ga ɗana ba? Sahabi sunanshi. Tare muka zo, na duba ban gan shi ba. Kar dai ruwa ya tahi da shi."

"Inna, ni ne. Ga ni."

"Kar ka yi mini wasa, ɗan nan. Ni ban san ɗana ba?"

Da ƙyar ya lallashe ta ta hau, da alkawarin za su neme shi a hanya. A Yelwa ta gane Rahama, ta rungume Halimatu, ta gaisa da maƙwabta kowa da sunansa. Aka sake ɗauko Malam Cindo, ya yi karatu kwana bakwai, ya ce babu kowa a jikinta, wadda ta yi aikin ta cika alkawarinta ta tafi.

Jifa ta tsaya, ruwan randa ya koma ruwa, Halimatu ta warke sarai har ta koma makaranta. Inna Dudu kuwa ta ƙara shekara shida a duniya. Kowace yamma tana zaune a ƙofar gida tana duban hanya, idanunta sun kumbura don kuka. In Sahabi ya dawo daga aiki ya kashe babur, sai ta taso da sauri ta riƙe hannunsa, ta tambaye shi ko a yawonsa ya ji labarin ɗanta. Shekarar farko yana cewa, "Ga ni, Inna," tana kuka, yana kuka. Daga baya ya daina. Sai ya ce, "Ban gan shi ba yau, Inna, amma gobe zan ƙara dubawa." Ta sa masa albarka, ta ce uwar da ta haife shi ta ji daɗi.