Rijiyar da ta Faɗa Tsakanin Alluna

Da Safiyo Jatau ya ɗora tafinsa a kan tebur, alluna shida suka farka lokaci ɗaya, uku a sama uku a ƙasa, kowanne inci talatin da biyu. 'Yan leƙe, ƙananan jiragen nan marasa matuƙa da ke shawagi bisa Birnin Tudun Rairayi, suka fara zubo hotuna, na'urar da ake kira Tsarau tana ɗinke su. Kafin ya kurɓi shayinsa, Unguwar Maɗinka ta cika bango, har igiyar shanya ana gani.

A shekara ta 2091 babu safiyon da ke ɗaukar tef da turaku ya shiga rana. Mutum ya ja layi a allo, ya dangwala yatsa, katafila marasa direba su bi layin kamar makafi a bayan ɗan jagora. Rabon Jatau da taka filin da yake aunawa shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma da alfahari yake faɗa.

Shi ya zaɓi allunan da kansa. Da ma'aikatar tsara birni ta ce kowa ya faɗi abin da zai dace da aikinsa, Injiniya Lantana, mai zanen da ke ofis ɗaya da shi, ta ɗauki allo guda mai lanƙwasa, da ƙarami a tsaye don lambobi. Jatau kuwa ya ji cewa na Darakta huɗu ne, sai ya ce shida.

"Yallaɓai, wuyanka zai gaya maka," in ji Lantana tana dariya.

"Mai aikin birni guda ba ya leƙe ta ramin kwaɗo," ya ce, ya juya mata ƙeya.

A wannan makon aikin sabon titin jirgin ƙasa ne, wanda zai ratsa Unguwar Maɗinka, inda aka haife shi. Gwaggo Tambai, ƙanwar mahaifinsa da ta goya shi, ta kira shi har sau uku. Ba gidanta take roƙa ba. Rijiyar da kakansa ya haƙa a gindin durumi take roƙa, domin famfon unguwar sau uku yake zuwa a mako, kuma ruwansa zartsi ne. Gida arba'in ke jefa guga a rijiyar nan.

"Gwaggo, ki kwantar da hankalinki. Da idona zan duba."

Ya kuwa duba. Ga durumin can a allon sama, a wajen layi. Ga jan zanen titi ya fara daga allon ƙasa. Tunda itacen ya tsira, ai rijiyar ma ta tsira. Ya dangwala yatsa, ya kira ta ya yi mata albishir, har ta shi masa albarka.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, Lantana ta ce, "Yallaɓai, zo ka gani." Muryarta ba ta wasa ba ce. A allonta guda ɗaya, ga bakin rijiya tsulum a cikin jan layi, taku kaɗan daga durumin.

Abin da ya faru ba shi da wuyar ganewa, shi ya sa ma ya fi ciwo. Kowane allo yana da baƙin firam a gefensa. In an haɗa biyu, kaurin ya kai santimita ɗaya. Don kada layuka su karye a wurin haɗin, Tsarau yana ɓoye duk abin da ya faɗa bayan firam ɗin, kamar yadda ƙarfen taga ke tare wa mai leƙe wani yanki na tsakar gida. A sikelin da Jatau ke aiki, santimita ɗaya mita biyar ce a ƙasa. Da ya ja taswirar da ɗan yatsa ko kaɗan, da ya gani. Bai ja ba, don ya saita ta ta cika bango daidai wa daida, yadda baƙi ke sha'awa in sun shigo.

Da gudu ya hau bene wajen Darakta Shamaki.

"Ranka ya daɗe, a dakatar da katafila!"

Darakta ya duba agogo. "Tun ƙarfe tara suka zuba kankare. Kuma doka ka san ta, abin da safiyo ya dangwala shi ne ƙasa." Sai fuskarsa ta washe. "Amma ka gano mana matsala babba. Zan sa a kawo maka allo guda, inci ɗari, babu haɗi ko ɗaya."

Jatau ya ji kamar ya tofa masa yawu, sai dai ya san a kan wa ya kamata yawun ya sauka.

Minti goma sha biyu motar lantarki ta kai shi unguwar. Durumin yana nan, inuwarsa ta faɗa kan shimfiɗar kankare mai santsi. Mata sun yi cirko-cirko da jarkoki, babu wadda ta amsa sallamarsa.

Da ya isa gida, Gwaggo Tambai ta amsa. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta tambaye shi iyali, ta tambaye shi aiki.

"Gwaggo, wallahi na duba. Allon ne ya..."

"Allo nawa gare ka?"

"Shida."

"Kakanka ido ɗaya gare shi, da shi ya haƙa rijiyar nan, zurfin gaba ashirin." Ta gyara mayafinta. "Daga ofishinku zuwa nan, tafiyar kwana nawa ce?"

Ya sunkuyar da kai. Ga kunya, ga ƙishirwa.

Ta miƙe a hankali, ta nufi randa kamar yadda take yi wa duk wanda ya shigo gidan. Ya ji ƙarar moɗa tana kankarar gindin randa. Ta dawo hannunta wayam.

"Ka yi haƙuri, Jatau," ta ce. "Yau ba mu da ruwan baƙo."